Furen da Inna Ta Jiƙa

A daminar da Lawali ya cika wata goma sha tara ubansa ya dawo daga Italiya. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnatin soja na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goron suna. Mai gidana, Bawa, malamin gona ne, aka tura shi wata tara ya koyo noman rani saboda madatsar ruwan da ake ginawa. Ya tafi ya bar yaro yana rarrafe, ya dawo ya iske shi yana korar kaji a tsakar gidanmu na Ƙofar Rini.

A gidan nan akwatin matafiyi ba ya wucewa ɗakin matarsa. Ƙofar ɗakin Inna Iyatu, uwar mijina, yake sauka, ita ke buɗewa, ita ke rabo. Daga bakin madafa na hango shi yana ta kai hannu zai karɓi akwatin, wai akwai takardun ofis da zai cire, amma ƙanwarsa Atika ta riga ta ɗora shi a ka, ta zo ta dire gaban Inna.

Aka shimfiɗa tabarma. Ni ina gefe a durƙushe, kaina a ƙasa, idona a kan akwati. Bargo mai laushi ya fito, na Inna. Agogon hannu, na Atika. Ni yadi biyu da mayafi. Sai wasu fararen takalma 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ko rabin ƙafar Lawali ba za su ɗauka ba. Inna ta ɗaga su ta juya, ta dubi jikanta, wanda take kira mijinta kamar yadda kakanni ke yi.

"Kai Bawa, ka aza mijin ga nau tsayawa yay yi shina jiranka? Malamin gona bai san shuka na girma ba?"

Ana cikin dariya hannunta ya kai ƙasan akwati, ta jawo wani ƙunshi a cikin jarida. Na ga Bawa ya gyara zama. Ta warware, sai ga ɗan dami bai fi kamun hannu ba, an ɗaure shi da jan zare. Karansa sirara ne, fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, a kan kowane kara ƙananan furanni rawaya sun yi cunkus kamar maɓallan rigar jariri. A bushe yake ƙayau, in ka taɓa har ƙara yake, amma launinsa kamar da safen nan aka tsinko shi. Wani ƙamshi ya tashi, rabi korin miya, rabi kafur.

"Wanga hwa mi na na?"

"Hure na, Inna."

"Na ga hure na, ban makance ba. Mi aka yi da shi?"

Sai ya shiga bayani irin na ofis. Ya ce a can ƙasar suna kiransa wanda ba ya mutuwa. Itacensa ɗan guntu ne, a cikin duwatsu yake fita, ba a sake shuka shi kowace shekara kamar gero, yana nan rani da damina. Furen kuma ko an tsinke shi sai ya yi shekaru bai yi baƙi ba, bai zube ba.

Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To na wa na?"

Ya dubi ƙasa. Ya dubi randa. Ya dubi akuyar da ke ɗaure gindin darbejiya. Ni kaɗai ce bai duba ba. Can ya ce, "Na gida na."

Inna ta binne 'ya'ya huɗu kafin ta samu Bawa, shi ya sa ma aka sa masa wannan suna, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Biyu daga cikinsu a watan yaye suka tafi. Rufin ɗakinta cike yake da ƙulle-ƙullen magani, sabara, hano, tazargade, kowane an ɗaure shi da zare an rataye. To ga wani busasshen haki an ɗaure shi da zare, an ce kuma ba ya mutuwa. Na ga fuskarta ta sauya, ta riƙe damin da hannu biyu.

Ta juya wajen Atika ta ce ba mai hankalin da zai ɗauko haki tun daga bayan teku in ba magani ba ne. Ta ce kunya ce ta hana shi faɗi, don na ɗansa na fari ne, kuma haka ɗan mutunci ke yi. Ta sa masa albarka mai tsawo. Ta ce Juma'a ta sama za ta yaye mijinta, da wannan za ta jiƙa masa ruwan yaye.

Bawa ya ce amin. Da kunnena na ji shi.

Sai in faɗi yadda nake da Lawali a lokacin. Ɗan fari ne, kuma a wajenmu ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, "yaron ga" nake cewa, ko "mijin Inna". In ya faɗi a tsakar gida yana kuka, sai in ci gaba da tankaɗe kamar ɗan maƙwabta ne, har Inna ko Atika ta ɗauke shi, alhali ina satar kallonsa ta gefen ido. Matar da aka gani tana rawar jiki a kan ɗanta na fari, sai a shekara ana ba da labarinta a gidajen suna. Don haka abin da nake yi masa a ɓoye nake yi. Ruwan shansa tafasawa nake, in ce na shayi ne ya ragu. Katin awonsa na asibiti yana cikin kwalla ta uku a jerena. Ranar awo Atika ke goya shi, mu ce za mu gaida gwaggota. Wata nas a can ta taɓa ce mana kada mu bari a ɗura wa yaro abin da ba mu san asalinsa ba, na riƙe maganar kamar karatun allo. Daurin Inna bai dame ni ba, na san saiwoyin, da irinsu aka raine ni. Wannan baƙon ne ban sani ba.

Washegari bayan la'asar, da ya dawo ofis ya ci abinci, na tambaye shi maganin me furen yake yi. Ya daɗe yana juya murfin kwano. Sannan ya rage murya kamar Inna na bayan labule.

"Ba magani na ba, Zulai. Naki na."

Ya ce wata ranar hutu sun hau wani tudu kusa da teku, ya iske furen ya rufe ko'ina, sai ya tsinko. Tsohuwar da aka sauke shi a gidanta ta gani, ta nuna masa yadda ake ɗaure shi a rataye kai ƙasa a inuwa har ya bushe. Ta ce mutanensu in sun daɗe ba su gida shi suke kai wa matansu, wai alamar abin da ke zuci yana nan bai canja ba.

Na ce to me ake yi da shi. Ya ce ba a komai, ajiyewa ake a riƙa kallo. Na ce wato ba a miya da shi, ba a turare, ba a ba akuya. Ya ce a'a. Gaskiya abin ya yi mini daɗi, don tun da nake ba a taɓa kawo mini abin da ba shi da aiki ba. Amma ban bari ya gani ba. Na ce Allah ya amfana, sai dai tsarabar tawa yanzu tana rataye tsakanin sabara da hano tana jiran Juma'a.

Ya ce ai fure ne kawai, ko an sha ba zai... sai ya tsaya, ya ajiye murfin kwanon a hankali. Ya ce akwai abu guda. Da zai sa shi a akwati ya ji tsoron ƙwari su cinye, sai ya fesa masa maganin ƙwari na gonar gwaji, har sau biyu, sannan ya zuba kafur a kai. Na tambaye shi ko irin wanda suke ɗaure hanci da tsumma in za su fesa. Ya ce shi.

Na ce ya tashi yanzu ya je ya gaya wa Inna. Ya ce in saurare shi. In ya ce ya fesa masa guba, Inna za ta ce wane uba ne ke fesa wa maganin ɗansa guba. Daga nan sai ta gane ba magani ba ne. Daga nan sai ta koma kan tambayarta ta jiya.

"Da wane baki za ni ce ma Inna na haye teku na tsinko ma matata hure?"

Na ce da bakin da ya ce amin. Ya ce gobe da safe, wajen gaisuwa, zai san yadda zai yi.

Saura kwana takwas ke nan. Kullum da safe sai ya shiga gaida Inna, ni kuma in kai tsintsiya ƙofar ɗakin in yi ta sharar wuri ɗaya. Ran farko ya ba ta labarin yadda mutanen can ke cin taliya safe da yamma ba su gajiya. Rana ta biyu labarin ƙanƙara. Rana ta uku na ji ya ce, "Inna, game da huren nan," na tsai da tsintsiya. Ta ce, "Na'am, Allah shi yi maka albarka, mi as same shi?" Ya ce ba komai, a dai kiyaye shi daga ɗigar ruwa. Ya fito yana share zufa, ya wuce ni ya hau babur. Mutumin da aka ce ya tsaya gaban manyan sojoji ya yi musu bayanin madatsa da alli da allo, shi ne wannan.

Abin da gargaɗinsa ya jawo shi ne Inna ta sauke furen daga rufi ta kulle a adakarta, makullin kuwa a lalitarta yake kwana.

Ran Litinin na ja Atika bayan madafa. Na so in gaya mata rabi, wato an fesa wa furen magani, a tsaya nan. Amma Atika ba a gaya mata rabi. Ta ce to in ba na yaro ba ne, na wane ne. Na ci gaba da gyara itace a murhu. Ta dube ni, ta sake dubana, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi.

"Ashe yaya Bature yak koma. Matan ma'aikata na samun sarƙa, matarmu ta samu harawa."

Na bar ta ta gama. Da na ce mata Juma'a fa a bakin yaron nan za ta ƙare, sai ta nutsu, don ita ma yaron ranta ne. Ta ce ba za ta iya kai wa Inna maganar yadda take ba, budurwa da ɗauko zancen ɗakin yayanta, sai an tambaye ta inda ta tsaya ta ji. Amma ta gwada ta gefe. Da rana suna tsinkar zogale ta ce ita dai abin Turawa ba ta yarda da shi ba, ba a san yadda ake shansa ba. Inna ko kai ba ta ɗaga ba, ta tambaye ta kwas ɗin ita ta tafi ko Bawa.

Sai muka koma dabarar musanya. Bagaruwa na fure a lokacin, nata ma rawaya ne, dunƙule-dunƙule, kuma ita kowa ya san ta. Atika ta tsinko cike da gefen zane, muka ɗaure da jan zare, muka rataye kai ƙasa a bayan ƙofata kamar yadda tsohuwar Italiya ta koyar. Makulli kuma ta ce ta ɗauki nauyinsa, ranar da Inna za ta yi wanka. Bayan kwana biyu muka duba. Furen ya koma ruwan ƙasa, na taɓa shi ya zube a tafin hannuna kamar dussa. Atika ta ce furen garinmu bai iya ƙarya ba. Wankan ma da aka yi, Inna da lalitarta ta shiga.

Tun ran Laraba na fara jin ƙamshin kori na fitowa daga ɗakin Inna da sassafe. Na ce a raina an fara jiƙo. Ran Alhamis na tare Bawa a bakin ƙofa na ce gobe ne fa. Ya ce ya sani, ya shirya maganar tsaf, gobe kafin a fara zai shiga. Na ce Allah ya sa. A ranar tuwona ya ƙone, Inna ta aiko Atika ta tambaye ni ko ni ma kwas ɗin taliya nake so.

Ranar Juma'a da hantsi aka kawo rubutun yaye daga wajen malam. Inna ta zo da kanta ta ɗauki Lawali daga ɗakina, tana ce masa daga yau ya bar gidan rowa ya koma wajen matarsa ta gaskiya. Al'ada ni in zauna a ɗaki, kada yaro ya gan ni, kada ni ma a ga ina leƙe. Na zauna bakin gado. Na kai minti biyu, sannan na koma jikin asabari.

An shimfiɗa tabarma a ƙofar Inna. Ga Atika, ga kuma ƙawar Inna, Kulu, wadda in ta ji magana da hantsi kafin azahar ta kai Runjin Sambo. Ga kunu a kwano, ga rubutu. Sai Inna ta fito da ɗan ƙoƙo, ta tace wani ruwa rawaya a ciki ta bakin mayafi. Daga zaure ina jin ƙarar bokiti, Bawa na wanke babur ɗin da ya wanke jiya da yamma. Atika ta waiga wajen ɗakina sau ɗaya. Inna ta zaunar da Lawali a cinyarta, ta yi bisimilla, ta tsoma ludayi.

Ban san lokacin da na ɗaga asabari ba. Na dai tsinci kaina a tsakar gida ba takalmi, na je na durƙusa a bakin tabarma. Kulu ta riƙe haɓa. Lawali ya miƙo hannu yana kirana, na kau da kai.

Magana biyu ke bakina. Ta farko ita ce kada ki ba ɗana. In na faɗe ta, na nuna wa tsohuwar da ta binne huɗu cewa ban yarda da hannunta ba, a gaban ƙawarta, a ranar yaye. Ta biyu ta fi kunya nesa ba kusa ba, amma ni da Bawa kaɗai za ta ci. Na zaɓi ta biyu.

"Inna, huren ga nau na. Ni anka kawo ma."

Ludayin ya tsaya a hanya.

"Naki?"

"Nau na. Ba magani na ba, na kallo na. Kuma an hesa mai maganin ƙwari don kak shi lalace."

Abin da Inna ta fara yi shi ne ta zuba abin da ke ludayin a ƙasa, ta tura ƙoƙon bayanta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sannan ta ce wa Atika ta kira mata Bawa.

Ya shigo da tsumman goge babur a hannu. Da ya gan ni a durƙushe ya san an gama. Ya tsuguna nesa da ni kamar bai taɓa ganina ba. Inna ta tambaye shi ko gaskiya ne furen na matarsa ne. Ya gaya wa ƙasa cewa gaskiya ne. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya fesa masa abin kashe ƙwari. Ya ce sau biyu. Ta tambaye shi ko yana nan zaune ranar da ta ce za ta jiƙa wa yaro. Sai ya shiga murɗa tsumman da ke hannunsa.

Inna ta jijjiga Lawali a cinyarta. Can ta ce, "Kwana ukku ina shan abin ga."

Duk muka ɗaga kai. Ta ce ita tun da ta rasa na huɗu ba ta sake ba yaro abin da bai fara bi ta maƙoshinta ba. Ta wanke furen, ta jiƙa, kullum da safe tana shan rabin ludayi. Ta ji ɗaci ta ce ƙarfi ne. Jiya ta ji kanta na ɗan juyawa, ta ce aiki yake yi.

"Ashe ni ta ƙwaron."

Kulu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Inna ba ta yi dariya ba tukuna. Ta dubi ɗanta ta ce ya so ya kashe uwarsa da ɗansa don kada a ce yana son matarsa. Ta ce ubansa ma Allah ya jiƙansa mai kunya ne, ko sunanta bai taɓa kira gaban mutane ba, amma shi in ya dawo fatauci kilishi yake ɓoyo mata a cikin hula.

"Kilishi, Bawa. Abin da aka ci. Kai an kai ka har ƙasat Turawa, ka dawo ma ɗiyam mutane da haki."

Ni ban tsaya jin sauran ba. Na tashi na ɗauko nonon da na saya na fura, na cika kwano na miƙa mata na ce ta shanye. Na ce kuma asibiti za a je yanzu. A kan uwar miji ba a kunyar rawar jiki, don haka na yi ta son raina, har da wadda na tara ta kwana takwas. Inna ta ce ba inda za ta, kuma ko za ta je ba za ta hau wannan jakin ƙarfen ba. Bawa ya fita da gudu ya samo tasi. Aka bar Lawali wajen Atika da Kulu, aka ba shi kununsa da rubutu da daurin da aka saba.

Likita ya duba idonta da harshenta, ya ce an yi sa'a ta wanke kuma kaɗan ta sha, ta yi ta shan ruwa ta huta kwana biyu. Ya tambayi wanda ya fesa wa abin magani ya bar shi a gidan da ke da yaro. Inna ta nuna Bawa da baki, ta ce ga shi nan, malamin gona ne, gwamnati ce ta kai shi karatu.

Bayan la'asar, Lawali ya gaji da kuka ya yi barci a bayan Atika, Inna ta aiko a kira ni. Na iske ta zaune a kan sabon bargonta, sauran furen a gabanta. Kusan rabi ya tafi a jiƙo. Ta zari kara huɗu ta ajiye gefe, ta sake ɗaure sauran da jan zaren ta miƙo mini.

"Amshi harawarki."

Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ta ce lallai ina son furen nan, tun da har na fito saboda shi ba takalmi. Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ce Kulu za ta ba da labari, kuma labarin da za ta bayar shi ne surukar Iyatu ta fito ranar yaye tana neman hakinta. Ta ce in bar shi a haka, ya fi sauƙin ɗauka. Na ce to, Inna. Har na yunƙura zan tashi ta ƙara magana, tana kallon ƙofa.

"Katin nan da ac cikin kwalla ta ukku, ranar awo ki ba Atika ta kawo min. Yanzu mijina hannuna shike, ni ka kai shi. Gwaggonki ta huta da gaisuwa."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba.

Lawali ya yi kukan nono kwana uku, a na huɗu ya kama tuwo da hannu biyu. Kulu kuwa ba ta ba da kunya ba. Kafin sati ya zagayo, daga Ƙofar Rini har Runjin Sambo sunana ya koma Mai Harawa, har yau in na shiga gidan suna sai wata ta tambaye ni ko an yi mini sabon yanka. Ina amsawa. Ba wadda ta taɓa cewa ta gan ni ina rawar jiki a kan ɗan fari.

Karan nan huɗu suna soke a rufin ɗakin Inna, nesa da magunguna, daidai saitin inda take sallah. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ce komai ba. Nawa yana cikin kwalbar turare a can saman jere, inda yaro ba ya kaiwa ko ya taka kujera, na gwada da kaina. Shekara biyu ke nan, ƙamshin korin ya tafi, amma rawayar tana nan. Ina share masa yanar gizo duk ranar da nake goge kwalla, tun da aikinsa ke nan, a dube shi.

Watan jiya aka sake tura Bawa kwas, wannan karon Zariya, sati shida. Da ya shiga sallama Inna ta sa masa albarka, sannan ta ce in ya dawo, tsarabar ci a kawo ƙofarta, ta kallo kuwa ya sa ta a aljihu ya wuce da ita ɗakin mai ita, ita ta sha rabonta.